Ranar da Na Ɓare Garkuwar Jitata

Jitar da nake kaɗawa yanzu ta gwanjo ce. Na saye ta a Sabon Gari a Kano, daga cikin kayan da ake shigowa da su daga Turai waɗanda jama'a ke kira 'yan Beljiyam, kuma tun ranar da na ɗauko ta na lura cewa baƙar robar nan da ke manne a fuskarta, a gefen ramin sauti, ta ɗan ɗaga a kusurwa ɗaya. Ban damu ba a lokacin, domin muryarta ta yi mini daɗi kuma wuyanta a miƙe yake. Masu sana'ar suna kiran wannan roba fikgad, ni kuwa garkuwa nake ce mata, tun da aikinta ke nan: ita ce take karɓar duk wani karce da farce ko ɗan guntun robar kaɗawa zai yi wa katako idan hannu ya sauko da ƙarfi. Bayan jitar ta sha hunturu biyu a ɗakina, kusurwar nan ta nannaɗe kamar busasshen ganye, ƙura ta samu wurin kwana a ƙarƙashinta, hannun rigata kuma ya riƙa maƙalewa a jikinta duk lokacin da nake kiɗa. Daga nan ne na san cewa dole a cire ta.

Ba wannan ne karo na farko da na taɓa irin wannan aiki ba, kuma karon farkon ba abin alfahari ba ne. Ina ɗalibi na mallaki wata jita mai arha wadda garkuwarta ke ɗauke da zanen furanni da ba su burge ni ba, sai wata rana da yamma na ɗauki reza na cusa a ƙarƙashinta na fizge ta da ƙarfi ɗaya. Robar ta fita, amma rezar ta bar tsagi uku a kan banish, wato man sheƙin da ake fesa wa katako, gam kuma ya rage dabbare-dabbare a wurin. Da na ga haka sai na je wurin wani mai fentin ƙofofi a unguwarmu ya zuba mini ruwan tina a murfin kwalba, na jiƙa tsumma na goga. Gam ɗin ya tafi, sheƙin wurin ma ya bi shi, aka bar ni da wani tabo mai duhu-duhu da ya fi furannin muni nesa ba kusa ba. Gaggawa ce ta jawo mini, da kuma rashin tsayawa in tambayi kaina abin da ke kwance a ƙarƙashin robar kafin in ɗaga ta.

Wannan tambaya ita ce kan aikin gaba ɗaya, domin garkuwa iri biyu ce ta fuskar yadda aka manna ta. A mafi yawan jitocin da ake ƙerawa a yau, sai an gama fesa wa fuskar banish ya bushe sannan a kawo robar, wadda bayanta ke da ɗanko irin na sitika, a liƙa a kai. Irin wannan kowa zai iya cire ta a gida idan yana da haƙuri. Amma a da ba haka wasu kamfanoni suke yi ba. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833 kuma masana'antarsa ke garin Nazaret a jihar Fensilbaniya ta Amurka, ya fara sanya garkuwa a jitocinsa a wajajen 1930, lokacin da tsirkiyoyin ƙarfe da kiɗa da guntun roba suka zama ruwan dare, kuma har zuwa tsakiyar shekarun 1980 yana manna ta ne kai tsaye a kan tsuran katako, sannan a fesa banish ya rufe katakon da robar baki ɗaya. Robar wancan zamani, wato seluloyid da kuma baƙar asitet da suka koma amfani da ita a ƙarshen shekarun 1960, tana tsukewa yayin da take tsufa. Tun da kuwa ta kama katakon gam-gam, idan ta tsuke sai ta ja shi, katakon da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba ya lanƙwashe a ƙarƙashinta, daga baya ya tsage a gefenta. Wannan tsagewa ta yi yawa har masu gyara suka ba ta suna daga tsirkiya ta biyu daga ƙasa, wadda ake kira B, saboda a daidai ƙarƙashin wannan tsirkiya take yawan fitowa, tsakanin ramin sauti da katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, wanda makaɗan goge da molo za su kira jaki.

Mutum zai iya cewa ina ruwansa da tsohuwar Martin, alhali ba a ganin irinta a kasuwanninmu sai da ƙyar. Gaskiya ne, sai dai kayan gwanjo ba su zuwa da tarihinsu a rubuce, kuma ba Martin kaɗai ba ne ya yi aiki ta wannan hanya. Gwajin ba shi da wuya. A kai jitar bakin taga inda haske ke faɗowa a karkace, a bi gefen garkuwar da farce a hankali. Idan farcen ya ci karo da baki mai kaifi, kamar takardar da aka ɗora a kan tebur, to robar a saman banish take. Idan kuwa ya hau ta sumul ba tare da ya ji iyaka ba, kuma sheƙin katakon ya zarce har kan robar, to a ƙarƙashin banish take, kuma ra'ayina shi ne a mayar da jitar cikin jakarta a nemi wanda ya san aikin. Cire irin wannan yana buƙatar a fara yanke banish ɗin daidai gefen robar da wuƙa mai kaifi sosai, in ba haka ba zai ɓalle ya tafi da na kewaye, sannan idan an ɗaga za a tarar da tsuran katako a cikin ɗan rami, wanda sai an rufe shi da sabon banish an daidaita tsayinsa da na gefe kafin a ɗora wata garkuwar. Tawa dai, alhamdu lillahi, farce ya tsaya cak a bakinta.

Abu na biyu da na tsaya na tantance shi ne irin banish ɗin, domin shi ne zai nuna ruwan da zai taɓa shi lafiya. Jitoci masu arha da masu matsakaicin kuɗi, irin su Yamaha F310 da ta cika shagunan kayan kiɗa, galibi banish ɗinsu na foli ne, mai tauri kamar gilashi, wanda ba kasafai wani ruwa ke cin sa ba. Masu tsada irin na Gibson da yawancin na Martin ana fesa musu nitiro, wanda siriri ne, yana laushi idan ya ji zafi, kuma ruwan tina ko asiton, wato ruwan da mata ke goge jan farce da shi, yana narkar da shi nan take. Wasu jitocin masu tsirkiyar nailan da aka ƙera da hannu kuma shelak ake shafa musu, shi kuwa sifirit ɗin da ake saye a kemis shi ne ajalinsa. Ruwan da masu gyara suka amince da shi a kan dukan ukun shi ne nafta, wanda a nan ya fi sauƙin samu a matsayin man layita, irin wanda ake sayarwa a ƙaramin gwangwani mai sunan Zippo ko Ronsonol. Yana sassauta ɗanko, yana bushewa cikin daƙiƙoƙi, ba ya barin maiƙo. Na san za a ce fetur ko kalanzir sun fi kusa kuma sun fi arha, amma fetur yana ɗauke da wasu sinadarai da ba a san abin da za su yi wa banish ba, kalanzir kuma maiƙo gare shi, idan ya sami ɗan tsagi ya shige cikin katako to wurin ba zai ƙara karɓar gam da kyau ba. Ko naftan ma sai da na ɗiga shi a bayan jitar, wajen gindin wuya inda ido ba ya kaiwa, na jira na ga bai canza komai ba.

Ban yi aikin a cikin hunturu ba, ko da yake a lokacin ne abin ya fi damuna. Masana'antun jita suna harhaɗa katakonsu a ɗakunan da laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, a Kano kuwa idan hunturu ya kankama takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da ya bushe haka ya riga ya tsuke, yana ɗaure kamar fatar kalangu, kuma ban ga hikimar hura masa iska mai zafi a wannan hali ba. Na liƙe kusurwar da ɗan salatif na takarda, na haƙura har aka yi ruwa uku ko huɗu iska ta yi laushi. Kayan aikin ba su da yawa: na'urar busar da gashi da na aro a wurin uwargida bayan ta ja mini kunne cewa in dawo mata da ita yadda na karɓa, da tsohon katin banki da na goge bakinsa da samfefa ya yi siriri, da zaren sakace haƙori, da man layita, da tsohuwar singileti ta auduga. Na'urar busar da gashi tana jan wuta fiye da wat 1,000, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta, saboda haka sai da na jira ranar Asabar da aka kawo wuta da safe.

Na shimfiɗa bargo a kan tebur na kwantar da jitar, na kwance tsirkiyoyin duka na cire su. Wasu suna barin su, amma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan fuskar jita da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, kuma ba na son wannan ja a kan katakon da nake ɗumamawa, balle kuma suna tare hannu. Na kunna na'urar a mafi ƙarancin zafinta, na riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga fuskar jitar, ina yawo da ita ba tare da na tsaya wuri ɗaya ba, ɗaya hannun kuma yana kan katakon yana auna zafi. Ma'aunin da na bi shi ne, idan tafin hannu ya kasa zama a wurin to zafin ya wuce kima. Dalili kuwa shi ne ba garkuwa kaɗai ke manne da gam a jikin jita ba. A cikinta akwai siraran sanduna da ke riƙe da fuskar kamar haƙarƙari, ga jaki a kusa, ga zoben ado da ya kewaye ramin sauti, kuma gam ɗin kafinta da ya haɗa su yana fara sakewa tun daga zafin da ya kai wajen digiri 60. Wanda ya ɗauko bindigar zafi irin ta masu ɓare fenti, ko ya ɗora dutsen guga, zai iya cire garkuwa cikin minti ɗaya ya kuma saki haƙarƙarin da ba ya gani, sai bayan mako guda ya fara jin wani ɗan kaɗawa a cikin sauti ya rasa daga ina yake.

Bayan kamar minti ɗaya na taɓa kusurwar da ta riga ta ɗaga, na ji ta yi laushi. Na zura katin a ƙarƙashinta a kwance, ba a tsaye ba, na tura shi kamar faɗin farce, sai na ga gam ɗin yana miƙewa zare-zare tsakanin robar da banish, fari-fari kamar yauƙin kuɓewa, yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar ƙara. Muddin ana ganin wannan zare to aiki yana tafiya daidai. Da zarar ya daina miƙewa, robar ta fara turjiya, alama ce wurin ya huce, sai a janye hannu a sake ɗumamawa. Haka na riƙa yi, ɗumi kaɗan, turi kaɗan, ina riƙe da ɓangaren da ya saki a kwance kusa da fuskar maimakon in ɗaga shi sama, domin jan sama shi ne yake ɓallo banish. A tsakiya, inda robar ta fi faɗi kuma ɗankon ya fi kamawa, na ajiye katin na ɗauki zaren sakace, na naɗe shi a yatsu biyu na zura ta baya ina ja hagu da dama kamar mai yanka sabulu. Zaren ya tsinke sau biyu. Cikin minti ashirin da wani abu garkuwar ta rabu da jitar, ta faɗo a tafin hannuna da ɗuminta.

Akwai abin da ya kamata a sani game da alkiblar da ake tura katin, ko da yake a kan banish mai tauri irin nawa bai cika yin tasiri ba. Fuskar jita ba allo ɗaya ba ce, katako ɗaya ne aka tsaga biyu aka buɗe kamar littafi aka haɗa a tsakiya, kuma jijiyoyinsa ba safai suke kwanciya daidai da saman allon ba, sukan ɗan nutsa ta gefe ɗaya. Shi ya sa idan aka kalli fuskar daga wajen wuya rabi ɗaya yakan fi haske, idan aka juya aka kalla daga ƙasa sai ɗaya rabin ya fi. Duk kafinta ya san cewa idan ya fere katako ta inda jijiya ta kwanta zai fita sumul, idan ya juya kuma sai ya riƙa ɓantarewa. Haka abin yake a nan: inda banish ya yi siriri ko ya tsage, ko inda garkuwar ke kan tsuran katako, wuƙar da ta shiga ta fuskar da ba daidai ba za ta nutse ƙarƙashin jijiyoyin ta ɗago su tare da robar. Idan mutum ya ga ɗan farin zaren katako manne a bayan garkuwa, ya tsaya nan take ya koma ta ɗaya ƙarshen.

Sauran gam ɗin da ya rage shi ne ya fi cin lokaci. Kafin in buɗe gwangwanin man layita sai da na kashe na'urar na zare ta daga soket, na buɗe tagogi, domin nafta da zafi ba sa haɗa ɗaki, kuma idan garkuwar ta seluloyid ce ita kanta tana kama wuta kamar an zuba mata mai. Ana gane seluloyid da ƙanshin kafur da yake fitarwa idan an goga shi ya ɗumama, saboda da kafur ake haɗa shi. Na fara da murza gam ɗin da babban yatsa, yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana kamar dattin da ke fita a jiki wajen wanka, sannan na ɗiga man a kan singiletin, ba a kan jitar ba, na riƙa shafawa ina juya tsumman zuwa wuri mai tsabta a kai a kai. Wanda bai juya ba zai yi ta yaɗa ɗankon ne daga nan zuwa can. Wannan ya ɗauke ni kusan awa guda, har yatsan ya yi ja.

Da wurin ya fita tas sai ga abin da babu wanda ya isa ya goge: siffar garkuwar tana nan daram, fara sol a tsakiyar fuskar da ta koma launin zuma. Katakon sufurus da ake yin fuskar jita da shi yana rinewa idan ya daɗe yana shan haske, banish ɗin ma yana yin rawaya, amma inda robar ta rufe yana nan yadda ya fito daga masana'anta, kamar bangon da aka sauke kalandar da ta shekara a rataye. Ƙanena da ya shigo ya gani ya tambaye ni ko in bar ta a rana kwana biyu launin ya daidaita. Na ce masa a'a, domin ranar da za ta rina wannan wuri cikin kwana biyu za ta fara sakin jaki ta tsaga fuskar tukuna. Abin da ake yi shi ne a bar jitar a waje da jakarta a ɗaki mai haske inda rana ba ta dukanta kai tsaye, bambancin zai riƙa raguwa cikin watanni, a tsohuwar jita kuwa har shekaru, kuma sau da yawa ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Duk mai son cire garkuwa don kwalliya kawai, wannan farin tabo ne abin da zai samu a madadinta.

Akwai masu cewa cire ta yana buɗe muryar jita, tun da fuskar ce ke karkarwa ta fitar da sauti kuma duk abin da aka liƙa mata nauyi ne. A kan garkuwa mai kauri da faɗi, irin mai zanen tsuntsu da ke kan Gibson Hummingbird tun fitowarta a 1960, maganar tana da kan gado. A kan siririyar roba irin tawa kuwa, na mayar da tsirkiyoyin na kaɗa na kasa kunne, kuma in faɗi gaskiya ban ji wani bambanci da zan iya rantsewa a kansa ba. Abin da na tabbatar shi ne katakon yanzu a buɗe yake. Jitoci masu tsirkiyar nailan galibi ba sa zuwa da garkuwa saboda da yatsu ake kaɗa su, kuma kowa ya ga abin da ya sami ta Willie Nelson, mawaƙin nan na Amurka, wato Martin N-20 da ya saya a 1969 yake kaɗa ta da guntun roba: a hankali ya cinye katakon har ya huda rami babba a kusa da jaki. Shi ramin ya zama alamarsa, ni kuwa ba ni da wannan gatan.

Na yi wata biyu ina kiɗa haka ba garkuwa, sai wata rana da na karkata jitar a haske na hango siraran layuka biyar ko shida a kan farin wurin, duka sun nufi ƙasa, sawun hannuna ne. Tsohuwar robar ba ta mayuwa, domin ta tsuke ta kuma lanƙwashe, ko an danne ta ba za ta rufe siffarta ta da ba. Na sa ta a ambulan na ajiye a aljihun jakar jitar, saboda idan wata rana zan sayar mai saye zai so ya ga ta asali. Na ɗora takarda mai shara-shara a kan farin tabon na zana siffarsa, na ƙara milimita ɗaya a kewaye don ya rufe iyakar launin, na yanka sabuwa daga siririyar roba mai launin ƙoƙon kunkuru wadda bayanta ke da ɗanko. Kafin in ɓare takardar bayan sai da na daidaita ta da zoben ramin sauti, na kama gefe ɗaya da salatif na takarda ya zama kamar ƙyauren ƙofa, sannan na ɗaga ta na ɓare, na kwantar da ita daga gefen salatif ɗin ina bi da yatsa ina korar iska. Ta zauna daidai, sai dai a can kusurwar sama kusa da wuya, inda almakashina ya ɗan ci ciki, akwai wani siririn farin layi da ya leƙo, wanda ba ya ganuwa sai jitar tana kan cinyata ina kallonta daga sama.